Wasa Ƙwaƙwalwa daga Allo zuwa Salula: Tarihin Wani Alkawari da Darasin Kara-Kara

Gabatarwa

Rubutun boko ba ya bambanta kalmar «wasa» ta wasa wuƙa a kan dutse da «wasa» ta yara a dandali. Kunne ne kaɗai ke raba su, ta karin sauti da tsawon wasali. Idan Bahaushe ya ce «wasa ƙwaƙwalwa», ta farkon yake nufi, wato a goga hankali har ya yi kaifi. Sai ga shi a wannan zamani an samu ƴan kasuwa da suka gama kalmomin biyu wuri ɗaya, suka ce akwai wasanni a cikin salula da kwamfuta waɗanda in mutum ya lizimce su na ƴan mintoci a kowace rana, hankalinsa zai yi kaifi, mantuwa kuma ta yi nesa da shi ko da tsufa ya zo.

Dalilin wannan rubutu shi ne wata tambaya da wani tsohon ɗalibina ya zo mini da ita. Kakarsa, wadda ta rene shi a unguwar Kara-Kara ta birnin Damagaram, ta fara mantuwa: takan ɗora tukunya ta shafa'a da ita, wani lokaci ta kira shi da sunan mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa. Ya nuna mini tallar wata manhaja da ake biya wata-wata, ya ce: «Mushe, in saya wa Iya wannan, ko Allah zai sa a dace?» Tsohuwar ba ta yi karatun boko ba, kuma kuturta ta taɓa hannayenta tun tana budurwa. Na ce masa ya ba ni lokaci in bincika. Da na zauna sai na ga tambayar tasa biyu ce a dunƙule. Ta farko, shin irin wannan horo yana da amfani? Ta biyu, in ma yana da shi, shin tsohuwar za ta iya sarrafa na'urar? Kowace daga cikinsu tana da tarihi, kuma wani yanki na tarihin a ƙasar Damagaram aka rubuta shi.

Horon hankali a Damagaram ta dā

Ba Turawa suka kawo mana tunanin cewa hankali yana horuwa ba. Daular Damagaram ta tashi a inuwar Borno, ta kuma gaji tsarin karatun Alƙur'ani na gabas, wanda ginshiƙinsa shi ne hadda. Yaro yakan fara da babbaƙu da farfaru, ya zama kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, har in Allah ya nufa ya kai ga alaramma ko gwani, mutumin da zai rubuta izu 60 da ka ba tare da ya duba ba. Tsangaya tana da dabarunta na tsare abin da aka haddace: wanke allo sai an riƙe, tilawa da dare a gindin wuta, da tishe, wato komawa baya a maimaita abin da aka wuce domin kada ya kuɓuce. Masu nazarin halayyar ɗan Adam ba su fara auna amfanin maimaitawa a rarrabe ba sai a 1885, lokacin da Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya wallafa bincikensa kan yadda mantuwa ke cin abin da aka koya. Alarammomi sun riga shi aiki da abin da ya gano.

A zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulemanu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma rasu a 1884, Zinder zango ce ta ayarin da ke tsakanin Kano da Agadas da Tarabulus. Fatake da dillalai suna riƙe lissafin wuri a ka, keso bayan keso, kowane keso wuri 20,000. Maroƙan fada suna riƙe da salsalar sarakuna da kirarin kowane. A gindin bishiya dattawa suna dara, gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12. Da dare kuma yara suna kacici-kacici da gagara-gwari a gaban tsofaffi. Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi domin kaifin hankali kawai. Mahaddaci don Alƙur'ani ya yi hadda, dillali don kada a cuce shi ya iya lissafi, kuma duk a cikin jama'a ake yi.

Tambayar naso

Tambayar da masana suka shafe fiye da shekara 100 suna jayayya a kai ita ce: idan mutum ya ƙware a horo guda, ƙwarewar tana yin naso zuwa sauran al'amuran rayuwarsa? A Turai ta ƙarni na 19 an ɗauka cewa tana yi. Saboda haka ake tilasta wa yara Latinanci, a kan cewa wahalarsa tana ƙarfafa hankali gaba ɗaya, kamar yadda noma ke ƙarfafa damtse. Mu malaman Faransanci mun gaji wani abu na wannan imani a cikin shifta da haddar waƙoƙi.

Masanin Amurka William James ya gwada abin a kansa, ya kuma ba da labari a littafinsa na 1890. Ya haddace layi 158 na wata doguwar waƙa ta Victor Hugo a cikin minti kusan 132. Daga nan ya shafe kwana 38 yana haddar wata doguwar waƙar Ingilishi ta John Milton domin ya horar da kansa. Da ya koma ya ɗauki wasu layi 158 na waƙar Hugo, sai suka ci masa minti kusan 151. Shi da kansa ya ce mai yiwuwa gajiya ta shiga ciki, amma dai bai ga ribar da ake faɗa ba. A 1901 Edward Thorndike da Robert Woodworth suka yi gwaji mafi tsari, inda suka horar da mutane kan kintatar faɗin siffofi, suka tarar ƙwarewar ba ta bin mutum zuwa sabon aiki sai gwargwadon yadda ayyukan biyu suka yi tarayya a wasu sassa.

Binciken da ya fi kusa da mu shi ne na Sylvia Scribner da Michael Cole a tsakanin al'ummar Vai ta Laberiya, wanda suka wallafa a 1981. Vai suna da rubutu iri uku: nasu na gargajiya, da Larabci na makarantar allo, da Ingilishi na makarantar gwamnati. Masu binciken sun tarar cewa waɗanda suka yi karatun Alƙur'ani sun fi saura a gwajin da ake ƙara kalma ɗaya bayan ɗaya ana maimaitawa a jere, wato gwajin da ya yi kama da yadda ake biya allo. A sauran gwaje-gwajen tunawa kuwa ba su nuna wani fifiko na gaba ɗaya ba. Wannan bai rage darajar hadda da komai ba. Ya dai tabbatar da abin da kowane almajiri ya sani, cewa gwani yana iya riƙe izu 60 ya kuma manta inda ya ajiye takalminsa.

Akwatunan da suka yi mana alkawari

Nijar ba baƙuwa ba ce ga fatan cewa na'ura za ta gajarce hanyar ilimi. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su tattauna tare da jagora, a kuma naɗi ra'ayinsu a mayar gidan rediyo. A 1964 aka fara gwajin koyarwa ta talabijin a Yamai, gwajin da masana ilimi na ƙasashen waje suka yi ta zuwa kallo. Yaran da suka shiga sun saki baki da Faransanci, amma shirin bai taɓa kaiwa ga mafi yawan yaran ƙasa ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ya kau. A 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a nan Zinder, ba tare da wata na'ura ba sai harshen da yaro ya tashi da shi. Wanda ya dubi waɗannan ukun zai ga cewa inda aka samu nasara, akwai mutum tsaye kusa da akwatin, kuma ana magana da harshen da mai sauraro ke ji.

Kasuwar wasa ƙwaƙwalwa

A ƙarshen ƙarni na 20, yawaitar tsofaffi a Amurka da Turai da Japan ta sa tsoron cutar mantuwa ya zama babban al'amari. A 1998 aka fara wani babban gwaji a Amurka mai suna ACTIVE, da mutum fiye da 2,800 masu shekara 65 zuwa sama. An raba su rukuni-rukuni: wasu aka horar da su kan tunawa, wasu kan warware matsala, wasu kan saurin gane abin da ido ya gani a fuskar kwamfuta, wasu kuma aka bar su haka nan domin a samu abin kwatantawa. Horon zama 10 ne kawai, a gaban mai koyarwa. Sakamakon 2002 ya nuna kowane rukuni ya inganta a fannin da aka horar da shi. Da aka sake auna su bayan shekara 10, a rahoton 2014, ribar warware matsala da ta sauri tana nan, ta tunawa kuwa ta dushe.

Ƴan kasuwa ba su jira ƙarshen bincike ba. A 2005 kamfanin Nintendo ya fitar da wasan Brain Age da sunan masanin Japan Ryuta Kawashima, aka sayar da miliyoyi. Kamfanoni suka biyo baya ta intanet. A 2010 Adrian Owen da abokan aikinsa a Ingila, tare da wani shirin talabijin na BBC, suka yi gwajin da ya fi kowane girma a lokacin: mutum 11,430 masu shekara 18 zuwa 60 suka yi horo ta intanet har mako 6. Mujallar Nature ta buga sakamakon. Mutanen sun ƙware a wasannin da suka yi, amma a gwajin hankali na gaba ɗaya ba su fi waɗanda aka sa su neman amsoshin tambayoyi a intanet kawai ba. Amsar Thorndike ce ta 1901 ta sake dawowa bayan shekara 109.

Gaskiya ta wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren. A 2015 wasu masana a Landan suka ba da rahoton gwajin mutum 6,742 da suka haura shekara 50, na wata 6, inda aka ga ƴar riba a warware matsala, da kuma a ayyukan yau da kullum ga waɗanda suka haura 60. Sai dai da yawa daga cikinsu sun watsar da horon kafin ƙarshe. Kafin nan, a 2014, masana kusan 70 sun sa hannu a takardar da ke cewa babu ƙwaƙƙwarar hujja ga alkawuran kamfanoni, wasu fiye da 100 kuma suka mayar musu da martani. A watan Janairu na 2016 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin da ke da manhajar Lumosity ya biya dala miliyan 2 saboda talla marar hujja, ciki har da nuna cewa wasannin suna kare mutum daga cutar mantuwa. A wannan shekarar ce Daniel Simons da abokansa suka bi binciken da aka tara ɗaya bayan ɗaya, suka kammala da cewa hujja tana da ƙarfi kan wasan da aka yi, tana da rauni kan abin da ya yi kama da shi, tana da ƙaranci ƙwarai kan rayuwar yau da kullum.

Inda aka ga haske shi ne inda aka haɗa abubuwa. Gwajin FINGER na ƙasar Finland, wanda aka buga a 2015, ya ɗauki mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77, ya haɗa musu gyaran abinci da motsa jiki da horon hankali da lura da hawan jini har shekara 2, aka kuma ga sun ɗan fi takwarorinsu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya ba tsofaffi horon hankali, amma ta bayyana cewa hujjar mai rauni ce. Kwamitin masana na mujallar Lancet kuma ya lissafa, a rahotonsa na 2024, abubuwa 14 da ake iya gyarawa waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar mantuwa. A cikinsu akwai ƙarancin karatu a ƙuruciya, da raunin ji, da raunin gani, da hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da kaɗaici.

Gwajin da aka yi a gidanmu

Salula ta shigo Nijar a 2001. Masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi daga 2001 zuwa 2006, ta nuna cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100, domin ɗan kasuwa ya daina ɗaukar ƙafa sai ya ji farashi tukuna. Amma kira yana da tsada, saƙon rubutu kuwa, mai araha, ya gagari wanda bai iya karatu ba. Daga nan tunanin shirin ABC ya fito, wato yaƙi da jahilci ta hanyar salula, wanda ƙungiyar agaji ta CRS ta gudanar daga 2009 a jahohin Doso da Damagaram.

An ɗauki ƙauyuka 113. Dukkansu sun samu ajin manya iri ɗaya, maza 25 da mata 25, da harsunan gida, a watannin rani kafin aikin gona ya taso, shekara biyu a jere. Aka yi ƙuri'a, ƙauyuka 58 suka samu ƙari: an koya musu kunna salula da kashe ta, da gane lambobi da baƙaƙe a kan maɓallai, da kira, da rubuta saƙo, aka kuma ba kowane mutum 5 salula ɗaya ta tarayya. Salular ƴar ƙarama ce mai maɓallai, babu wata manhaja ta musamman a cikinta. A rahoton da Aker da Christopher Ksoll da Travis Lybbert suka wallafa a 2012, ɗaliban waɗannan ƙauyuka sun fi sauran a rubutu da lissafi da 0.19 zuwa 0.26 a ma'aunin tazara na masana ƙididdiga. Fifikon matsakaici ne, amma na gaske ne, kuma na lissafi ya jure har wata 7 bayan rufe aji.

Me ya sa ƙaramar salula ta yi abin da ya gagari wasannin Landan? A nawa fahimtar, amsar tana wurin Thorndike. Ba a nemi wani naso mai nisa ba: abin da aka koya a aji shi ne ainihin abin da ake yi da salular. Kuma akwai dalilin yi. Matar da ke son aika wa ɗanta da ke ci-rani a Kano ko Agadas saƙo, ko manomin da ke son jin kuɗin tiyar gero a kasuwar Dole, tishe yake yi kullum ba tare da an sa shi ba. Babban ciwon ajin manya a ko'ina shi ne mantuwa bayan an tashi, domin babu abin karantawa a ƙauye. Salula ta zama allon da ba a rataye shi ba. Daga 2014 Aker da Ksoll sun sake wani gwaji a jahohin Maraɗi da Damagaram, inda ake kiran malamin aji da maigari da wasu ɗalibai ta waya kowane mako a ji yadda karatu ke tafiya, nan ma sakamakon ɗalibai ya ƙaru. A duka biyun, salula ta ƙarfafa malami ne, ba ta maye gurbinsa ba.

Kayan aiki da hannun mai aiki

Tambaya ta biyu ita ce ta sauƙin sarrafawa. Ita ma ta zama fannin bincike mai zaman kansa. A 1986 John Brooke, wani ma'aikacin kamfanin kwamfuta a Ingila, ya tsara tambayoyi 10 da ake yi wa mutum bayan ya gwada na'ura, har yau kuma ana aiki da su. A 1998 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta ce sauƙin sarrafawa yana nufin wasu mutane ayyanannu su cim ma buƙatarsu daidai, ba da wahala ba, cikin gamsuwa, a wani yanayi ayyananne. Ma'anar wannan ita ce, babu na'urar da ke da sauƙi ga kowa. Dole a tambaya, sauƙi ga wa, kuma a ina? A 2005 Gunther Eysenbach ya ja hankali ga abin da ya kira dokar zubewa: a gwaje-gwajen kiwon lafiya ta intanet, kaso mai yawa na mutane sukan daina amfani da abin tun kafin a gama. Wannan a ƙasashen da kusan kowa ya iya karatu ke nan, kuma wutar lantarki ba ta yankewa.

To, mu kai wannan ma'auni Kara-Kara. Unguwa ce da ta samo asali daga keɓe waɗanda kuturta ta kama, aka tura su bayan gari tsakanin duwatsu, suka hayayyafa a can tare da sauran waɗanda gari ya ƙi. Fim ɗin da Aisha Macky, ƴar garin, ta fitar a 2021 mai suna Zinder ya nuna wa duniya jikokinsu, matasan da ake kira ƴan fale, da masu fasa dutse, da masu safarar man fetur. Kuturta tana warkewa: tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna da ke kashe ƙwayar cutar, tun 1995 kuma ana ba da shi kyauta, ana sha wata 6 ko 12. Amma magani ba ya mayar da jijiyar da ta mutu. Wanda aka makara a kansa yakan rasa jin taɓi a tafin hannu, yatsu su ƙage ko su gajarce, wani lokaci ido ma ya taɓu.

Na je na gaida tsohuwar. Jikanta ya miƙa mata salularsa mai shafawa, ta tallabe ta da hannu biyu, ta kai gaɓar yatsa kan wani ɗan zane, sai zane biyu suka buɗe tare. Ta yi dariya ta ce: «Malam, wannan abin ba da ni aka yi shi ba.» Ban taɓa jin bayanin sauƙin sarrafawa da ya fi wannan cika ba. Wanda ya zana manhajar ya ɗauka akwai yatsa siriri mai ji, da ido mai ganin ƙananan baƙaƙe, da Faransanci ko Ingilishi, da caji, da kuɗin intanet, da kuma salula ta mutum shi kaɗai. A ƙasar da waɗanda suka iya karatun boko a cikin manya ba su kai rabi ba, kowane ɗaya daga cikin waɗannan zato ƙofa ce da aka rufe.

Akwai matsalar da ta shafe mu malaman Hausa kai tsaye. Tsarin saƙon salula na asali yana ɗaukar baƙi 160, amma babu ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a cikin jerinsa. Da zarar an sa ɗaya daga cikinsu, saƙon yakan koma wani tsari mai ɗaukar 70 kacal, wato Hausar da aka rubuta daidai ta fi tsada. Saboda haka mutane suka saba zubar da ƙugiya, «ƙafa» ta zama «kafa», «ɗaki» ya zama «daki». A hira wannan ba komai ba ne, amma a saƙon da ya shafi magani ba abin wasa ba ne. Ba mamaki da jama'a suka rungumi saƙon murya na WhatsApp, domin ya mayar da su ga baki da kunne.

Sai kuma sirri. Idan saƙon tunatarwa na asibiti ya shigo salular da gida duka ke amfani da ita, kuma sai an kira yaro ya karanta, to ciwon da mutum ke ɓoyewa ya fita. Ga mutanen da harshenmu ke cike da karin maganganun yi musu ba'a, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 kan kiwon lafiya ta na'ura sun gindaya sharaɗin kare sirri a irin waɗannan saƙonni, sun kuma ce na'ura ba ta zama madadin asibiti mai aiki.

Ma'aunin da ya san mai shi

Ko auna mantuwar ma yana da irin wannan tarko. Gwajin da likitoci suka fi sani, wanda aka tsara a Amurka a 1975, yana sa mutum ya karanta jimla, ya rubuta jimla, ya yi ta ɗebe 7 daga 100, ya kwaikwayi zane da alƙalami. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta faɗi ko da hankalinta garau yake. Masana na Jami'ar Ibadan, a binciken haɗin gwiwa da takwarorinsu na Indianapolis da aka fara a farkon shekarun 1990, sun fuskanci wannan, suka yi aiki da gwajin da ke haɗa tambayar tsoho da tambayar wanda ke zaune da shi. A 2005 Olusegun Baiyewu da abokansa suka wallafa wani gwaji da ake yi da tsinken ashana 4: a jera su a wata siffa, tsoho ya kwaikwaya, daga baya a ce ya tuno. Wannan shi ne gyaran kayan aiki domin ya dace da mai shi, kuma a maƙwabtanmu aka yi shi. Ga hannu irin na tsohuwar Kara-Kara, ko tsinken ashana sai an sake shi da kara mai kauri.

Kammalawa

Amsar da na ba ɗalibina ita ce kada ya saya. Na ce ya kai Iya asibiti a auna jininta da sukarinta, a duba idonta da kunnenta, domin akwai mantuwar da ke da sanadi mai magani, kuma likita ne zai raba. Na ce kuɗin da zai biya wata-wata ya sa su a cefanenta. Na ce kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki, a riƙa zaunar da yara gabanta tana yi musu tatsuniya, a bar ta ta ci gaba da ƴan ayyukan da ta saba muddin babu haɗari, wani kuma ya riƙa lura da murhu. Ban yi masa alkawarin cewa wannan zai dawo da abin da ya tafi ba.

Ga ƴan uwana malamai da ƙungiyoyin raya al'adu kuwa, tarihin nan ya ɗora mana aiki. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma tunda ƙarancin karatu a ƙuruciya yana cikin abubuwan da masana suka lissafa, to duk yarinyar da muka riƙe a aji har ta gama, mun yi wa tsufanta tanadi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ajin manya yana buƙatar a farfaɗo da shi, a kuma sa salula a cikin darasi kamar yadda aka gwada a ƙauyukanmu a 2009. Tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, muna da hujjar neman a riƙa aiko saƙonnin lafiya da Hausa ingantacciya, da murya ga wanda bai iya karatu ba. Jami'ar André Salifou tana nan cikin garinmu, da ɗaliban da za su iya irin wannan bincike. Idan wata ƙungiya ta zo da sabuwar manhaja, mu yi mata tambayoyin da tarihi ya koya mana: da wa aka gwada ta, da me aka kwatanta ta, mutum nawa suka jure har ƙarshe, kuma me ya sake a rayuwarsu bayan wasan? Sa'an nan mu roƙe su su fara gwajin daga Kara-Kara, domin abin da hannun Iya ya iya sarrafawa, sauran hannayen gari ba za su sha wahalarsa ba.